Kyamarar DSLR ta farko don hotunan iyali: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mai neman kyamarar DSLR ta farko, wato kyamara mai madubi a ciki da ake canza wa gilashi, don ɗaukar 'ya'yansa yakan fara da tambayar megafiksel nawa ce. Amsar ba za ta taimaka masa sosai wajen zaɓe ba, domin kusan duk ƙananan kyamarorin da Canon da Nikon suka fitar a 'yan shekarun baya suna tsakanin megafiksel 18 da 24. Hoto mai megafiksel 24 yana da ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda ya isa a wanke shi tas a takarda mai santimita 50 da 34. Ba kasafai iyali ke buƙatar fiye da haka ba.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne inda ake ɗaukar hotunan. Yawancinsu a cikin ɗaki ne, da yamma ko da dare, ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma wanda ake ɗauka ba ya zama wuri guda. Ƙarancin haske da yawan motsi su ne matsalar hoton iyali, kuma maganinsu yana ga gilashin da ake ɗaura wa kyamara fiye da jikinta. Shi ya sa shawarar da ta fi kowacce amfani ita ce kada kuɗin ya ƙare a kan jiki. A sayi jiki madaidaici, a rage abin sayen gilashi mai shan haske.

Abin da ke cikinta

Haske yana shiga ta gilashin gaba ya faɗa kan wani madubi da ke karkace, madubin ya tura shi sama zuwa 'yar tagar da ake ɗora ido a kai. Abin da kake gani ta tagar nan shi ne ainihin abin da ke gabanka, babu jinkiri. Da ka danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya buɗe na ɗan lokaci, hasken ya sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoto. Ƙarar da ake ji daga madubi da labulen take fitowa.

Sensar ƙananan DSLR ita ce ake kira APS-C. Ta Nikon milimita 23.5 ce da 15.6, ta Canon kuwa 22.3 da 14.9. Ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa a faɗi, kuma nan ne fifikon yake: farantin da ya fi faɗi ya fi tara haske, hoton ɗaki ya fi fita da tsabta, bayan mutum kuma yana narkewa da kansa ba sai manhaja ta kwaikwaya ba. Tagar leƙawa a wannan aji tana nuna kimanin kashi 95 cikin 100 na abin da zai fito, don haka a riƙa lura da gefe-gefe, hannun wani ko bakin ƙofa kan shigo ba a sani ba.

Akwai gaskiyar da ya kamata mai saye ya sani tun farko. Canon da Nikon sun karkata ga kyamarori marasa madubi tun 2018, lokacin da suka fito da jerin EOS R da jerin Z, kuma tun bayan 2020 babu wanda ya fitar da sabuwar DSLR a cikinsu. Wannan bai rage wa waɗanda ke kasuwa kyan hoto ba. Ya ma jawo na hannu sun yi yawa, jiki da gilashi duka, sun kuma yi sauƙi. Batirinsu yana daɗewa fiye da na marasa madubi, kuma gilasan da ka tara za su hau sabbin kyamarorin nan gaba ta hanyar adafta, EF-EOS R a Canon, FTZ a Nikon. Amma wanda bidiyo ne rabin buƙatarsa, ko yake son kyamarar da ke bin ƙwayar idon yaro da kanta duk inda ya juya, ya dubi marasa madubi kafin ya yanke shawara.

Jikin da za a zaɓa

Nikon D3500 ta 2018 tana da megafiksel 24, wuraren fokas 11, wato ɗigogin da take daidaita hoto a kansu ya fita tas, tana ɗaukar hoto 5 a sakan guda, kuma cajin batir ɗaya yana kai wa kimanin hoto 1,550 a gwajin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara. Nauyinta da batir gram 415 ne, riƙonta kuma yana cika hannu. Tana da tsarin Guide da ke koya wa sabon shiga saiti mataki-mataki. Raunin ta: allonta ba ya juyawa, ba a taɓa shi, babu ramin makirufo, kuma Bluetooth kaɗai gare ta, wanda ƙananan kwafin hoto yake tura wa waya. Yayarta D5600 sensarsu kusan ɗaya, amma wuraren fokas ɗinta 39 ne, allonta yana juyawa ana kuma taɓa shi, ga Wi-Fi. Ga mai yara ƙanana wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin allo mai juyawa shi ke ba ka damar sauke kyamara daidai tsayin jariri mai rarrafe ba tare da ka kwanta a ƙasa ba.

A ɓangaren Canon sunaye suna rikitarwa, saboda kyamara ɗaya tana da suna daban a Turai da Amurka. EOS 2000D ita ce Rebel T7, EOS 250D ita ce Rebel SL3, EOS 850D ita ce Rebel T8i. 2000D ta 2018 tana da megafiksel 24 da wuraren fokas 9, amma hoto 3 kawai take yi a sakan, batirinta kuma wajen hoto 500. Tana fitar da hoto mai kyau idan mutum ya tsaya, sai dai yaro mai gudu yakan tsere mata. 250D ta 2019 ta fi ta nesa ba kusa ba: hoto 5 a sakan, allo mai juyawa, nauyi gram 449, da fasahar Dual Pixel da ke sa fokas ya kama da sauri idan ana kallon allo ko ana bidiyo. A nan ta sha gaban D3500 da D5600, waɗanda fokas ɗinsu ke ɗan lalube idan aka bar tagar leƙawa aka koma allo. Wanda ya samu 800D ta 2017 ko 850D ta 2020 ya samu wuraren fokas 45, kuma su ne mafi iya bin mai motsi a wannan aji.

EOS 4000D ita ce ba na ba da shawarar a saya sai in babu wata. An rage mata abubuwa da yawa don ta yi araha: megafiksel 18, ƙaramin allo mai inci 2.7, bakin ɗaura gilashi na roba, kuma babu ɗan dabaran da ake daidaita tagar leƙawa da ƙarfin idon mutum. Tsohuwar 700D ko D3300 mai lafiya ta fi ta daɗin aiki.

Pentax ma tana nan da K-70 ta 2016 da KF ta 2022. An toshe jikinsu daga ƙura da yayyafi, kuma na'urar hana rawar hannu tana cikin jikin, don haka kowane gilashi yana amfana. Sai dai gilasanta na hannu ba su kai na sauran biyun yawa ba.

Tsakanin Canon da Nikon kuwa, ba a ganin bambanci a hoton da aka rataye a bango. In akwai ɗan'uwa ko aboki mai ɗaya daga cikinsu, ka bi nasa, za ka samu aron gilashi da mai nuna maka hanya. In babu, ka riƙe kowacce a hannu na ɗan lokaci, ka ga wadda yatsunka ke kai wa ga maɓallanta ba tare da lalube ba. Uwar gida ma ta riƙe, tunda sau da yawa ita ce za ta fi ɗauka. Kyamarar da ta yi wa mai ita nauyi a cikin akwati take ƙarewa.

Gilashi

Kusan kowace ƙaramar DSLR tana zuwa da gilashi mai rubutun 18-55mm f/3.5-5.6. Lambobin farko suna nuna faɗin abin da yake gani: a 18 yana kwashe ɗaki da mutanensa, a 55 yana jawo fuska kusa. Lambobin da ke bayan f suna nuna girman ƙofar haske, kuma a juye suke tafiya, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ma'anar 3.5-5.6 ita ce ƙofar tana tsukewa yayin da kake jawo abu kusa. A daidai lokacin da kake son fuskar yaro ta cika hoto, gilashin ya koma f/5.6. A waje da rana babu damuwa. A cikin ɗaki da dare kuwa kyamara za ta rasa haske, ta bar labule a buɗe na tsawon 1/15 ko 1/20 na sakan, yaro ya juya kai, hoto ya fito dishi-dishi. Daga nan mutane da yawa ke cewa wayarsu ta fi kyamarar, alhali gilashin ne bai dace da wurin ba.

Maganin shi ne gilashi mara zuƙowa mai ƙofar f/1.8. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken da ke shiga yana ninkuwa kusan sau 10. A ɗakin da gilashin farko ya ba ka 1/20, wannan zai ba ka wajen 1/200 ba tare da ka taɓa komai ba, kuma wannan ya isa ya tsayar da yaro mai wasa a zaune. Su ne kuma mafiya araha a jerin gilasan kowane kamfani.

Sai batun wane tsayi, wanda nan ake yawan kuskure. Kowa yana yabon 50mm, kuma ya cancanci yabo, amma a kan sensar APS-C yana matse hoto. Idan ka tsaya mita 3 daga bango, 50mm faɗin kimanin mita 1.3 zuwa 1.4 kawai zai kama, wato mutum biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa. A wannan nisan 35mm zai kama kimanin mita 2, 24mm kuma kusan mita 3. Ka auna ɗakin da iyali suka fi zama, ka ga iya inda za ka ja da baya kafin bayanka ya taɓa bango. Akwai ma gwaji mai sauƙi ga wanda ya riga ya mallaki 18-55: ka tsayar da zoben a kan 24, ka yi mako kana ɗauka ba ka juya shi ba, sannan 35, sannan 50. Wanda ya fi kwanta maka shi za ka saya.

Ga mai Nikon, AF-S DX 35mm f/1.8G shi ne gilashin iyali, tun fitowarsa a 2009 har yau. Ga mai Canon, EF 50mm f/1.8 STM yana da kyau ƙwarai ga hoton mutum ɗaya ko a fili, a ƙaramin ɗaki kuma EF-S 24mm f/2.8 STM ya fi dacewa, ɗan siriri ne da ke sa kyamara ta shiga ƙaramar jaka. Ƙofarsa ba ta kai f/1.8 ba, amma ta ninka f/5.6 haske sau 4.

Babbar ƙofa tana da nata sharaɗi. Iya abin da ke fita tas gaba da baya yana raguwa sosai. Da 50mm a f/1.8, mutum yana nisan mita 1.5, wurin da ke fita tas bai wuce santimita 6 ko 7 ba. In fokas ya sauka kan hanci ko kunne, ido ya tafi. In mutum biyu ne, ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa, ɗayan zai dushe. Saboda haka f/1.8 na mutum ɗaya ne ko na lokacin da haske ya yi ƙaranci ƙwarai. Mutum biyu ko uku a jere a ba su f/2.8 zuwa f/4. Taron da ya yi sahu biyu yana buƙatar f/5.6 zuwa f/8, a sa fokas kan fuskar wani a sahun gaba.

Kada a jefar da 18-55 ɗin. Shi ne na tafiya da na hoton jama'a. A dai tabbatar yana da hana rawar hannu, IS a Canon, VR a Nikon, domin ana haɗa wasu kyamarorin da samfurin da ba shi da ita, kamar 18-55 III na Canon. A kuma sani cewa rawar hannunka kaɗai take gyarawa, ba ta tsayar da yaron da ke motsi. Gilashin nesa na wasannin makaranta zai iya jira. Idan lokacinsa ya zo, EF-S 55-250mm IS STM ya fi tsohon EF 75-300mm da ake yawan cusawa a cikin kunshi, a Nikon kuma a nemi 70-300mm mai rubutun VR, don akwai irinsa mara ita.

Mai Nikon ya kiyaye tarko biyu. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, sai wanda ke cikin gilashi. Tsohon AF 50mm f/1.8D zai hau daidai, amma fokas da hannu za ka riƙa yi. A nemi mai rubutun AF-S ko AF-P. Shi kuma AF-P ba ya aiki da tsofaffi irin D3100, D3200 da D5100, kuma D3300 da D5300 sai an sabunta musu manhaja. A Canon, EF da EF-S duka suna hawa ƙananan DSLR, amma EF-M da RF na marasa madubi ne, ba sa shiga.

Idan ta hannu ce

Tunda yawancin waɗannan kyamarori yanzu a hannu ake samunsu, ga yadda ake duba su. Ka je da katin memori naka.

Fara da adadin bugun labule. Ana ƙiyasta labulen wannan aji zai kai wajen bugu 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, sai ka ɗauki ɗaya ka karanta shi da manhajar duba waɗannan bayanai, da ake kira EXIF. Ƙananan Canon ba sa yin haka, sai an jona su da kwamfuta ta USB. Wadda ke ƙasa da 20,000 tana da sauran rai mai yawa ga iyali.

Sai sensa. Juya dabaran saiti zuwa A a Nikon ko Av a Canon, inda kai ke zaɓen ƙofar haske, sa f/22, ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa), ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton a allo. Baƙin ɗigo mai laushin gefe ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi da ba ya gushewa na iya zama ƙarzuwa, a bar ta. Rufe gilashi da murfinsa, kashe fokas, ɗauki hoto na sakan 1 ko 2 a M, inda kai ke saita komai da hannu: ɗigo ja ko shuɗi ɗaya ko biyu ba komai, amma tarinsu ko layi daga sama har ƙasa matsala ce.

Cire gilashin, haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura babu gilashin da ba ya da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, tana yaɗuwa tana cin rufin gilashi, sai kuma hazo mai kama da tururi. Juya zoben zuƙowa daga farko zuwa ƙarshe, kada ka ji yashi ko cijewa. Gwada fokas a kusa da nesa, ta taga da ta allo, sannan ka ɗauki rubutu a bango da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya ka ga ko ya fita. Leƙa gidan batir ko akwai kore ko farin gari a kan ƙarafan, alamar ruwa ya taɓa shiga. Ɗaga ƙaramin filash ka ga ya kama. Danna kowane maɓalli, juya kowane dabaran, ka tabbatar da caja ta asali tana cikin kaya.

Saitin da ke hana hoto lalacewa

Koren Auto da ke kan dabaran saiti, inda kyamara ke zaɓen komai da kanta, yana ɗaga filash a inda bai kamata ba, kuma yana kama abin da ya fi kusa, wanda sau da yawa hannun kujera ne. A bar shi da wuri.

Kafin komai, daidaita ɗan dabaran da ke gefen tagar leƙawa har lambobin da ke ciki su fita tas a idonka. Sannan zaɓi wurin fokas guda ɗaya maimakon barin kyamara ta zaɓa. A masu wurare 9 ko 11, na tsakiya ya fi sauran ƙarfi a duhu. Ɗora shi kan idon da ya fi kusa da kai, danna maɓalli rabi har ya kama, sannan ka ƙarasa. Ga wanda ke zaune, One Shot a Canon ko AF-S a Nikon. Ga yaro mai gudu, AI Servo ko AF-C, ka riƙe maɓalli a rabi kana bin sa, ka kunna ɗauka a jere ka yi uku ko huɗu. Ko a hoton jama'a a yi haka, domin da wuya mutum shida su buɗe ido lokaci ɗaya.

Saurin labule shi ne abin sa wa ido. Babba a zaune 1/125 ya ishe shi. Yaro mai wasa ko tafiya 1/250. Gudu da tsalle 1/500 zuwa 1/1000. A Nikon, shiga Auto ISO ka sa mafi ƙarancin sauri 1/250, iyakar ISO kuma 6400, ka zauna a A kana juya ƙofar haske kawai. A Canon da ba ta da wannan saiti, koma Tv, zaɓi saurin da kanka, bar ISO a Auto. Kada a ji tsoron ISO 1600 ko 3200. Yana sa hoto ɗan yashi-yashi, amma ana rage shi a kwamfuta kuma ba ya fita sosai a takarda. Hoton da motsi ya ɓata kuwa ba shi da gyara.

Ma'aunin hasken kyamara yana ruɗewa idan akwai taga mai haske a bayan mutum ko fararen tufafi sun cika hoto. Yana rage haske don ya kare farin, sai fuska ta nutse, musamman ga mai duhun fata. Maɓallin +/- shi ne magani: ƙara +0.7 ko +1, duba fuska a allo, kuma ka tuna ka mayar da shi sifili bayan an gama. Mafi sauƙi ma shi ne ka juya mutumin ya fuskanci tagar, kai ka ba ta baya ko gefe. Hasken taga a kan fuska ya fi duk wani filash kyau. In kuma hotuna a jere suna fitowa da launi ko haske daban-daban ƙarƙashin dogon ƙwai ko wasu fitilun LED, ƙiftawar wutar ce, a sauko da saurin labule zuwa 1/100 ko 1/125.

Ƙaramin filash na saman kyamara ba ya wuce 'yan mitoci, yana sa goshi ƙyalli, ya jefa baƙar inuwa a bango. Amfaninsa na gaske a rana tsaka ne, don cike inuwar da ke ƙarƙashin ido. Na dare shi ne filash na waje mai kai mai juyawa, irin Canon 430EX, Nikon SB-700 ko Godox TT685, a ɗaga kansa ya haska farin silin, hasken ya dawo a baje. In silin mai launi ne, launin zai sauka kan fuska, sai a nemi farin bango. Da filash a tsaya a 1/200 ko ƙasa da haka. Mai 250D, 4000D ko wasu 2000D ya duba mazaunin filash ɗinsa, domin an cire musu babban ɗigon ƙarfe na tsakiya, kuma filash na wasu kamfanoni ba ya kamawa sai wanda aka yi ko aka sabunta dominsu.

Ƙananan kaya da kula

Katin SD mai alamar UHS-I da U3 ko V30 ya wadatar. Kati biyu masu gigabait 32 ko 64 sun fi babba guda ɗaya, don in ɗaya ya mutu bai tafi da komai ba. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin megabait 20 zuwa 30, JPEG, wanda ta riga ta sarrafa ta matse, kuma bai kai rabin haka ba. Sabon shiga ya fara da JPEG mafi inganci, ya ƙara RAW a ranakun da ba za su maimaitu ba, domin RAW ke ba da damar ceto fuskar da ta yi duhu ko launin da ya karkace. A riƙa share kati ta hanyar Format a cikin kyamarar kanta, bayan an kwashe. Katin jabu yana da yawa, alamarsa ita ce ya nuna girman da ba shi da shi, hotuna su fara ɓacewa idan ya kai wani mataki, don haka a cika sabon kati a kwamfuta a gwada shi kafin a dogara da shi.

Batir na biyu, 'yar roba mai hura iska, ƙyallen goge gilashi da hular gilashi mai tare hasken gefe da yatsun yara, sun isa. Wajen canza gilashi a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi da sauri. D3400 da D3500 ba su da na'urar kakkaɓe ƙurar sensa, don haka su sun fi buƙatar wannan kula. Kada a hura sensa da baki ko a taɓa madubi da yatsa. A wuri mai laima kada a bar kyamara cikin jaka wata da watanni, a sa ta a akwatin roba mai murfi tare da ƙunshin silika mai shanye danshi, a cire batir in za ta daɗe a ajiye. In an fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafi, a bar ta cikin jaka na minti 15 zuwa 20 kafin a buɗe, don kada gumi ya kwanta a cikin gilashi.

Hotunan kuma kada su zauna a kati. A ranar da aka ɗauka a kwashe su zuwa kwamfuta, a sa wa jakar da aka zuba su a kwamfutar suna da shekara, wata da rana, kamar 2024-03-15, don su jeru da kansu. A yi kwafi na biyu a faifan ajiya na waje, na uku a intanet ko a wani gida daban, a kuma daidaita agogon kyamara tun ranar farko, domin da shi ake gane shekarun yaro a hoto bayan an manta. Wanda ke ɗauka ya koyi amfani da agogon jinkiri na sakan 10: ɗora kyamara kan tebur ko sanda mai ƙafa uku, sa f/5.6, kama fokas kan wanda zai zauna kusa da kai, danna, ka shiga cikinsu.